Ruwa ban da farkonsa: yadda Auta ta koyi jin sauti kafin ta fara karatu

Ɗan farina yana aji uku na firamare ranar da na rubuta masa "gida" a bayan kwalin ashana na ce ya karanta mini. Ya ƙura wa kalmar ido ya ce, "Ji, ai, di, ei." Na ce to madalla, me aka rubuta ke nan? Ya sake jero sunayen haruffan, sannan ya ɗago kai yana jira in faɗa masa. Yaron nan tun yana shekara uku ya haddace ABCD, har in an yi baƙi kiransa ake yi ya rera musu. Littattafansa cike suke da makin jan biro, domin duk abin da malama ta rubuta a allo yana kwafe shi tsaf. Amma kalmar da yake faɗa sau ashirin a yini ta gagare shi. Sai da muka shafe kusan shekara biyu muna biyan kuɗin lesin kafin karatunsa ya miƙe, kuma har yau in an ce ya karanta a gaban mutane sai jikinsa ya yi sanyi. Abin nan yana ci mini rai.

Shi ya sa da Auta ta cika shekara huɗu na sayo littafin rubutu da fensir, na ce wannan karon da wuri zan fara, kuma da hannuna. Ana haka yayata ta zo mana ƙaramar Sallah nan Kano. Malamar firamare ce a jihar Bauci, tana cikin waɗanda aka horar a shirin Mu Karanta, wanda aka gudanar a Bauci da Sakkwato da tallafin hukumar USAID ta Amurka. Ta tarar na kama hannun yarinya muna jan harafin A. Ta ce, "Ajiye fensirin nan tukuna." Na ce, "Yaya, in na ajiye da me zan koya mata?" Maimakon ta amsa, sai ta jawo Auta ta ɗora a cinya.

"'Yata, tsakanin 'sa' da 'ƙadangare', wace kalma ce ta fi tsawo?"

Auta ta ce sa mana, ai sa ƙato ne, ƙadangare ɗan mitsitsi.

"To me kika fara ji in na ce 'masara'?"

Ta ce, "Gasasshiya nake so."

Muka yi dariya, amma Yaya ta juyo gare ni ta ce amsar yarinyar daidai take da shekarunta, kuma nan ne aikin yake. Yaro ma'ana yake ji, ba sauti ba. Magana a kunnensa kamar damammiyar fura ce, yana sha yana ƙoshi, bai taɓa tunanin akwai gero daban da nono daban ba. Shi kuwa rubutun boko, kowane harafi ɗan aiken wani sauti ne. Yaron da bai san cewa "gida" sautuka huɗu ne a jere ba, ko shekara nawa ya yi yana kallon haruffa huɗun nan, ba zai san wanda ya aiko su ba.

Nan take na ga ɗan farina da kwalin ashana. Kuma abin da ya fi taɓa ni shi ne, Hausa na karanta a NCE kafin in koma ɗinki. Na san ƙwayar sauti, na haddace ma'anarta: mafi ƙanƙantar sautin da in an canja shi ma'anar kalma ta canja, kamar "kara" da "ƙara". Na zana jadawalin baƙaƙe da wasula, na ci jarrabawa da shi. Ban taɓa haɗa wannan ilimi da wahalar ɗana ba sai ranar nan a tsakar gida.

Yaya ta bar mini sharuɗɗa kafin ta koma. Kada in wuce minti goma a rana. Babu takarda, babu tsawa. Kuma da Hausa, domin ita ce ta cika kunnen yarinyar tun tana goye.

Da gaɓa muka fara, kuma wannan bai ba mu wahala ba. Ina kan keken ɗinki, tana zaune a tabarma, in faɗi kalma mu tafa hannu. Tu-wo, tafi biyu. Ta-bar-ma, uku. Ƙa-dan-ga-re, huɗu, sa kuwa ɗaya tal, ta yi ta mamakin yadda ƙadangare ya fi sa tsawo. Harshenmu ya yi mana gata a nan, domin gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali kamar "ka", baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali kamar "kai", sai baƙi da wasali da baƙi kamar "kan". Cikin mako biyu tana tafa sunan kowa a gidan, har da na mai kawo mana ruwa.

Daga nan yayyenta suka karɓe aikin ba tare da na sa su ba. Su da 'yan matan maƙwabta suna da zaurancensu na juya kalma don kada manya su gane: gida ya koma "dagi", kifi ya koma "fiki", tuwo "wotu". Da can hana su nake yi, ina ganin shirme ne. Yanzu na gane cewa yaron da ya iya juya kalma ya riga ya datsa ta gida biyu a cikin kansa, ya riƙe kowanne, ya sauya musu wuri. Ranar da Auta ta juya "riga" ta ji ta koma "gari", dariya ta yi har da faɗuwa. Na ƙara mata da wasan cirewa: ce "masara" ban da "ma". Ta ce "sara". Ce "makara" ban da "ma". Ta ce "kara". Amsa-amo ma ta kama shi da wuri, kare, dare, zare, tana ƙirƙiro nata da ba su da ma'ana, ina karɓa.

Na ɗauka mun gama da wuyar. Ashe ba mu fara ba.

Da na ce, "Me kika fara ji a 'baki'?" sai ta ce "ba". "Kaza" fa? "Ka". Na ce a'a, kafin "a" ɗin akwai wani abu. Ta kalle ni kamar na yi mata wani yare. A kunnenta "ba" abu ɗaya ne dunƙulalle, kuma da gaskiyarta, domin babu mai furta baƙi ya tsaya sannan ya furta wasali. Tare suke fitowa, leɓe na buɗewa wasalin ya riga ya hau. Na yi ta ƙoƙarin faɗin "b" shi kaɗai, amma kullum sai wani ɗan wasali ya maƙale masa a baya, ya zama "bi" ko "ba", in ƙara rikita ta. Wata guda muna wuri ɗaya. A nan na yi kuskuren da aka gargaɗe ni a kai. Tsoron abin da ya sami yayanta ya dawo mini, wasa ya koma jarrabawa, minti goma ya koma rabin awa, muryata ta fara ɗagawa. Wata rana da yamma na kira ta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Umma, ni ba na son wasan nan." Idonta ya kawo ruwa.

Na kira Yaya a waya. Ta ce, "Ki bar ta ta huta kwana goma, kada ki ko ambaci zancen. Shekararta huɗu da rabi fa, ina kike sauri zuwa?" Ta ba ni labarin wani gwaji da Isabelle Liberman da abokan aikinta suka buga sakamakonsa a Amurka a 1974. An ba yara ɗan sanda aka ce su ƙwanƙwasa tebur daidai yawan gaɓoɓi ko yawan sautukan kalma. Cikin 'yan shekara huɗu, kusan rabi sun iya ƙirga gaɓa, amma ko ɗaya bai iya ƙirga ƙwayoyin sauti ba. Sai a wajen 'yan shekara shida aka sami 70 cikin 100 da suka iya. Akwai kuma binciken José Morais na 1979 a ƙasar Fotugal, inda manyan mutane da ba su taɓa koyon karatu ba suka kasa cire sautin farko daga kalma, alhali tsararrakinsu da suka yi yaƙi da jahilci sun iya. Ke nan abin ba girma ne ke kawo shi ba, kuma ba ƙarancin basira ne ke hana shi ba. Koya shi ake yi. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai.

Shawararta ta biyu ita ce in rabu da b, d, k, t, g tukuna, domin sautuka ne masu fashewa, ba sa jawuwa. In fara da waɗanda ake iya ja kamar zare: s, m, n, z, sh, l.

Bayan kwana goma ban kira ta wasa ba. Ina wanke-wanke sai na ce da ƙarfi, kamar da kaina nake, "Ina ssssabulu ya shiga? Ssssoso ma ban gan shi ba." Ta leƙo. Na ce, "Yau bakina maciji ne, komai da ssss yake farawa." Ta ɗauko mini sabulun, ta tsaya tana tunani, ta ce, "Ssssukari." Na ce haka ne. Ta ce, "Ssssauro." Kwano na hannuna na ajiye na rungume ta. Daga nan kowace rana da sautinta. Ranar mmm muka tara miya, manja, madara, mota. Ranar zzz ta ɗora hannu a maƙogwarona ta ji yana rawa, a kan sss kuma ta ji ya yi tsit, ta gwada a nata. Kalmomin da ke farawa da wasali ma sun taimaka, ido, uwa, abinci, domin ana iya tsayawa a kan farkonsu a ja.

Masu fashewar nan kuwa, surukata ce ta kwance mana ƙullinsu. Hajiya Bakatsiniya ce, ta yi karatun allo tun tana ƙarama, kuma ta daɗe tana kallonmu daga kan dardumarta ba ta ce komai ba. Ran nan ta ji ina fama da "b", sai ta ce, "Wanga abu naku ai babbaƙu da farfaru ne." Na ce, "Hajiya, ku yi mini bayani." Ta ce a makarantar allo sai yaro ya san baƙaƙe tsirara tukuna, sannan a sa musu wasali: ba da wasali bisa, "ba", da wasali ƙasa, "bi", da rufu'a, "bu". Baƙin yana nan inda yake, wasalin ne ke sauyawa. Ta kira Auta, "Zo nan ƙawata, kalli bakina." Ta ce ba, bi, bu, a hankali. "Mi kika gani bai sake ba?" Auta ta daɗe tana kallo, sannan ta haɗe leɓɓanta biyu ta nuna da yatsa. Hajiya ta ce, "To shi ne baƙin." Ta yi mata ta, ti, tu, yarinya ta nuna harshe a bayan haƙora. Ta yi ka, ki, ku, ta nuna can ciki.

Abin da na kasa yi a wata guda ina ƙoƙarin yanke baƙi daga jikin wasali, Hajiya ta yi shi a zama ɗaya ta hanyar barin baƙin a wurinsa tana sauya masa abokin tafiya. Na daɗe ina tunanin wannan. Malaman allo sun san tun tuni cewa baƙi daban, wasali daban, har kalmomin da muke amfani da su a boko daga wurinsu muka gada. Bambancin kawai, su suna yi ne a kan allo da Larabcin da yaro bai ji ba tukuna, mu kuma muna yi da baki a kan kalmomin da yake ci yake sha da su. A ganina babu dalilin da zai sa a raba hanyoyin nan biyu kamar ba su san juna ba.

Hajiya ce kuma ta jawo mana wata 'yar muhawara. Ranar sautin "f" muna tara fitila, faranti, fara, sai Auta ta ce, "Hajiya ba ta iya ba, 'hitila' take cewa." Na ja kunnenta a kan ladabi, na ce ba a cewa babba bai iya ba. Sannan na faɗa mata cewa Katsinanci ke nan, "tahi" da "tafi" duk Hausa ce, mu ma nan Kano da yawanmu "hura" muke cewa mu rubuta "fura". Amma a raina murna nake yi, domin yarinyar da wata uku baya ba ta jin komai sai ma'ana, yau ita ce ke kama bambancin sauti ɗaya a bakin kakarta.

Masu ƙugiya sun ɗauki nasu lokacin. Auta takan ce "kafa" a wurin "ƙafa". Na ajiye baƙin ƙyalle a gefen keke, in na ce "baki" ta taɓa bakinta, in na ce "baƙi" ta taɓa ƙyallen, ina ƙara sauri tana kuskure muna dariya. Haka muka yi da "daka" da "ɗaka", turmi a nan, ƙofar ɗaki a can. Babansu ya shigo ciki da karya-harshen da muka taso da su, na ƙato da kwaɗo da ƙoto, da "turmi ture kura, kura ture turmi". Bayan sallar isha'i gidan ya zama na ihu.

Sai haɗawa. Wannan muka sa masa suna maganar hawainiya, saboda tafiyarta a hankali. In ce, "Hawainiya tana son sh… a… y… i," ita kuma ta gano me ake nufi. Da kalmomi masu sauti biyu muka fara, so, sha, ci, zo, sannan uku da huɗu. Wata rana ta yi kyau, wata rana ta watse. Na lura in tana jin yunwa ko barci babu amfanin farawa.

Na ƙarshe shi ne rarrabawa, kuma shi ya fi daɗi a wurinta domin akwai abin taɓawa. Yaran suna da gwangwani cike da ƙwallayen dabino da suka tara tun azumi. Na tona 'yan gurabu a ƙasa a jere kamar na dara, kowane sauti ta jefa ƙwallo ɗaya a gurbi. "Ido", uku. "Nama", huɗu. Yaya ta ce wannan dabara ta wani masanin halayyar yara ne ɗan Rasha mai suna Elkonin, shi akwatuna yake zanawa a takarda. A nan ne Auta ta gyara ni. Na ce "sha" na jefa ƙwallo uku. Ta ce, "Umma, biyu ne. Shhh, a." Gaskiyarta. Ni haruffa nake gani a idon zuciyata, s da h da a, ita kuwa sauti take ji. Duk wanda zai yi wannan aiki da yaro ya kiyaye wannan tarko, domin mu da muka iya karatu idonmu yakan rinjayi kunnenmu. "Tsuntsu" haruffa bakwai ne amma sautuka biyar. "Kwano" haruffa biyar, sautuka huɗu.

Wani ɗan maƙwabta, sa'anta, yakan shigo a yi da shi, amma shi ko gaɓa bai kama ba, kuma sai an kira shi sau biyu yake waiwayowa. Na lura kunnensa na hagu yana fitar da ruwa. Na faɗa wa mahaifiyarsa, suka kai shi asibiti aka ba shi magani. Ciwon kunne mai yawan dawowa yana rage ji, kuma yaron da ba ya ji sosai ba zai bambance "s" da "sh" ba ko da wane irin wasa aka yi masa. Kafin a ce yaro daƙiƙi ne, a duba kunnensa.

Wata na bakwai, da hantsi, ina zuba ruwa a randa tana riƙe mini moɗa. Ban shirya komai ba, bakina ne kawai ya ce, "Auta, ce 'ruwa' ban da 'r'." Ta yi shiru, leɓɓanta na motsi. Can ta ce, "Uwa." Sai idonta ya buɗe, ta ce, "Umma! Akwai uwa a cikin ruwa!" Na ce "miya" fa, ban da mmm? Ta ce, "Iya!" Gado na kwanciya, ban da farkonsa? "Ado!" Ta saki moɗa ta ruga ɗakin Hajiya tana faɗa mata akwai uwa a cikin ruwa. Ni kuwa na zauna a bakin randa, hawaye na zuba, ina tuna yayanta, wanda babu wanda ya taɓa yi masa wannan wasa, har da ni.

A makon nan na fito da fensirin da aka ajiye. Yaya ta ce kada in ja lokaci, domin rahoton kwamitin nazarin karatu da majalisar dokokin Amurka ta sa aka kafa, wanda ya fito a shekarar 2000, ya nuna cewa wasan sauti ya fi amfani in an haɗa shi da haruffa, kuma ba ya bukatar dogon lokaci, shirye-shiryen da suka ɗauki awa 5 zuwa 18 gaba ɗaya su suka fi tasiri. Na rubuta haruffa shida a kan murafen kwalba: a, i, u, m, n, s. Ban faɗa mata sunayensu ba, sautinsu kawai. Maimakon ƙwallon dabino, yanzu murfi take sawa a gurbi. Ranar farko ta jera n, a, m, a, ta ja su da hawainiyarta, ta ce "nama". Ta cire na farko ta sa "m", ta ce "mama". Kafin mako ya ƙare tana da suna, sama, nisa, masa.

Da ta shiga nazare aka fara koya musu sunayen haruffa da Turanci, sai ruɗani ya taso, domin harafin da muke kira "i" can "ai" ne, wanda muke kira "e" can "i" ne, "c" ɗinmu na "ci" kuma can "si" ne. Ban yi jayayya da malamarta ba. Na ce wa Auta harafi kamar akuya ne, yana da suna yana da kuka. A makaranta suna ake tambaya, wajen karatu kuka ake saurara. Ta karɓi wannan, ko da yake har yanzu takan haɗa "e" da "i" in ta gaji.

Yanzu shekararta biyar da wata uku. Jiya muna cikin A Daidaita Sahu za mu kasuwar Rimi, ta hango rubutu a bayan wata motar kaya, ta fara ja a hankali, g, a, r, i. Ta ce, "Gari." Ta yi jim, ta juyo ta ce, "Umma, na tuwo ko na mutane?" A baki ta san ɗaya ana jan wasalinsa ɗaya ba a ja, amma rubutunmu ba ya nuna dogon wasali, ba ya nuna karin sauti. Na ce ta karanta na gabansa za ta gane. Motar ta sha kwana kafin ta kai ƙarshen kalma ta biyu, ta yi ta leƙe tana neman wata.